Yadda Muka Mayar da Tsohon Sito Ofis Ba Tare da Mun Rushe Shi Ba

Ranar da aka danƙa mini makullan ginin, abin da ya fara tarbata a bakin ƙofa wari ne. Warin danshi, irin na ɗakin da ya shekara a rufe, gauraye da na ruɓaɓɓen katako da kashin tattabaru. Tsohon sito ne na jan bulo, bene hawa biyu, ya haura shekara 100 a tsaye. Sunansa na cikin rajistar gine-ginen tarihi, wato ko ƙusa ba ka isa ka buga a fuskarsa ba sai da izini. Kamfaninmu ƙarami ne, ba mu kai mutum 40 ba, kuma ni aka ɗora wa nauyin bin aikin tun daga farko har mu tare. Ni ba injiniya ba ne. Nawa shi ne in tsaya tsakanin shugabanni, mai zane da ma'aikata, in ji ta bakin kowa, in kai rahoto.

A aljihuna akwai takardar abubuwan da a lokacin na ɗauka su ne gyara mai kare muhalli: sola a kan rufi, sababbin tagogi masu gilashi biyu, na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarancin cin wuta. Sola ce a saman takardar. Ita ce kuma aikin da muka yi a ƙarshe.

Kafin a kai ga makullai sai da aka sha muhawara. Ɗaya daga cikin shugabanninmu ya fi son a nemi fili a ɗaga sabon gini na gilashi da ƙarfe, wanda tun daga zane za a tsara shi ya riƙa cin wuta kaɗan. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Wadda ta juya teburin ita ce mai zanen da muka ɗauko, injiniya ce da ta ƙware a kan tsofaffin gine-gine. Ta ce mana kowane gini yana cin makamashi sau biyu: wanda ya ci kafin a buɗe ƙofarsa, da wanda zai riƙa ci kullum bayan an shiga. Mu na biyun kawai muke lissafi saboda shi ne ke zuwa a takardar kuɗin wuta. Na farkon yana cikin bulo, rodi, gilashi da siminti. Sai an ƙona dutse a zafin da ya kai digiri 1450 kafin a samu siminti, kuma masana'antarsa kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan'adam ke saki a duniya. Ta kawo mana binciken da ƙungiyar kare wuraren tarihi ta Amurka ta fitar a 2011, wanda ya nuna cewa sabon gini mai tattalin makamashi na iya ɗaukar shekara 10 zuwa 80 kafin ya biya bashin hayaƙin da aka fitar wajen gina shi. Ta kuma tuna mana da maganar wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Carl Elefante, a 2007, cewa ginin da ya fi kowanne sauƙi ga muhalli shi ne wanda yake a tsaye tun tuni. Hayaƙin da aka ƙona bulon sitonmu da shi ya tashi tun zamanin kakanni. Ba mu ne za mu sake tayar da shi ba.

Mako guda bayan na karɓi makullai, Injiniya ta zo da wani dattijo magini. Bai ce komai ba da ya shigo. Ya zagaye ginin ta waje sau biyu, kansa a sama yana duban indararo, sannan ya shiga ciki ya ɗora tafin hannu a bango, ƙasa-ƙasa, ya riƙa ja sama a hankali har inda sanyin ya yanke. A nan ya ciro fensir daga bayan kunne ya ja layi. Layin ya kawo mini ƙugu. Ya bi bangon yamma kaf yana jan layin nan, wani wuri ya hau, wani wuri ya sauka.

Na miƙa masa takardata. Ya duba ya maido mini, ya ce, "Ɗana, ajiye wannan tukuna. Ginin nan ciwo ɗaya ke damunsa, ruwa. Ka nemo mini ta inda yake shiga, da dalilin da ya hana shi fita."

Na ce, "Baba, ai an yi masa filasta mai ƙarfi, ga ta nan ko tsaga babu sosai."

Ya ɗauki bayan guduma ya ƙwanƙwasa. Sautin ya fito kamar na ganga. Ya ce, "Ita ce ta shaƙe shi."

Sai daga baya na fahimci abin sosai, kuma shi ne ginshiƙin duk aikin. Maginan da suka ɗaga wannan bango ba da siminti suka haɗa bulonsa ba. An yi wa siminti irin na yau rajista a Ingila tun 1824, da sunan Joseph Aspdin, amma ya daɗe kafin ya kori farar ƙasa daga hannun magina, wato ƙonannen dutsen nan da ake kira laim. Kwaɓin farar ƙasa da yashi ya fi bulo laushi, kuma danshi na ratsa shi. In ruwan sama ya daki bango, bango ya sha, in rana ta fito ya amayar ta tsakanin bulo da bulo. Haka yake numfashi. Sai wani mai kyakkyawar niyya, shekaru da dama da suka wuce, ya ga bango na jiƙa ya lulluɓe shi da filastar siminti ciki da waje. Siminti ba ya lanƙwasa, tsohon gini kuwa yana ɗan motsi da sauyin zafi da sanyi, don haka filastar ta yi tsaga-tsaga sirara kamar gashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya zauna. Da muka ɓamɓare wani yanki, fuskar bulon ta biyo filastar, abin da ya rage a baya ja ne mai laushi, ka sa farce ya marmashe, ga farin gishiri ya yi masa fure. Gishirin nan ruwa ne ke narko shi daga ƙasa da cikin bulo, in ya bushe ya daskare ya kumbura a cikin ƙananan ramukan bulon ya fasa shi daga ciki.

Hanyoyin shigar ruwan uku muka samu. Indararo biyu sun toshe, ruwan rufi na kwarara a jikin bango kai tsaye. An yi ta ƙara daɓen tsakar fili a waje, wani kan wani, har ya fi daɓen cikin ɗaki tsawo. Sai wani bututun ruwa da ya fashe a ƙarƙashin ƙasa a kusurwar yamma, daidai inda layin Baba ya fi hawa sama.

Neman izini ya ci wata huɗu. Mun kai zane, hotunan kowane bango da kowace taga, da bayanin abin da za mu taɓa da dalili. An dawo mana da takardun sau biyu. Na ji haushi a lokacin, amma tilasta mana rubuta dalilin kowane canji ya sa mun jefar da canje-canje da yawa da ba su da dalili. A cikin watannin ne kuma aka ɗebi samfur aka kai gwaji. An samu asbestos, wani zaren ma'adini da ake sawa a kayan gini a da, a silin na hawan ƙasa da kuma jikin tsofaffin bututu, an samu dalma mai guba a fentin tagogi. Asbestos ba abin wasa ba ne: muddin yana zaune lafiya ba ya tashi, amma da an fasa shi ƙurarsa na shiga huhu, cutar kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005. Masu lasisin cire shi suka zo suka rufe wurin da leda, babu wanda ya shiga sai da aka auna iskar.

Sannan aka fara ɓamɓarar siminti, da hannu, da guduma da cizal. Ɗan kwangila ya so a kawo injin fasa kankare a gama cikin mako biyu. Baba ya ce in aka sa inji za a kwashe rabin bulon tare da filastar. Aikin ya ci wata biyu. Duk bulon da ya fita lafiya an kankare shi an jera a gefe, wanda fuskarsa ta lalace amma cikinsa na da ƙarfi an juya shi, bayansa ya zama gaba. Aka gyara indararo, aka sauke daɓen waje ƙasa da na ciki, aka zuba tsakuwa a gindin bango, aka canja bututun.

Daga nan sai jira, kuma shi ne abin da ya fi ba ni wahalar kai rahoto. Me za ka ce wa shugabanni in sun tambaye ka me ake yi a wurin aiki, alhali amsar ita ce an buɗe tagogi ana jiran bango ya bushe? Magina na da wani ƙiyasi: wata guda ga kowane inci na kaurin bango. Namu ya kusa inci 20. Ba mu jira duka ba, domin farar ƙasa na barin bango ya ci gaba da bushewa ta cikinta, amma mun bar shi tsirara har rani ya ratsa shi.

A wannan tsakanin Baba ya jiƙa farar ƙasarsa. Na tsaya na kalli yadda ake yi. Dutsen da aka ƙona a zafin kusan digiri 900, in aka zuba shi cikin ruwa sai ruwan ya hau tafasa da kansa, tururi na tashi, ba wuta ba itace. Kowa da safar hannu da tabarau, domin in ya fallatsa a ido ko fata yana ƙuna. In ya lafa sai ya zama farin kwaɓi mai santsi, a bar shi a rami ƙarƙashin ruwa aƙalla wata uku. Awo ɗaya nasa, awo uku na yashi mai kaifi. A shafin farko ana barbaɗa gashin dabba don ya riƙe. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake ƙarfi: ba bushewa kawai yake yi ba, iskar kabon yake zuƙa daga sarari a hankali yana komawa dutsen da aka ƙona tun farko. Ba zan ce ba shi da hayaƙi ba, ai ƙona shi aka yi, amma yana maido da wani kaso na abin da ya saki, kuma bulon da aka haɗa da shi ana iya raba shi a sake gini da shi. Wanda aka haɗa da siminti sai dai a farfasa.

A nan ne muka yi babbar asararmu. Baba ya yi rashin lafiya na kwana goma. Ɗan kwangilar da ke kula da leburori yana ganin lokaci na tafiya, sai ya sa aka riƙa zuba siminti kaɗan a cikin kwaɓin don ya kama da wuri, aka kuma daina rufe shafin da jiƙaƙƙen buhun algarara. Ni ina zuwa kullum, ina ganin bango na yin fari sumul, ina murna. Ranar da Baba ya dawo, ya shafa bangon ɗakin taro, ya murza ɗan kwaɓin da ya zuba a ƙasa tsakanin yatsu, ya kalli launinsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wa ya sa masa toka?" Ɗan kwangila ya ce, "Ranka ya daɗe, cokali ɗaya ne a kwanon sarki, ba zai yi komai ba." Baba ya ce to a sauke. Na shiga tsakani, na ce, "Baba, bango biyu ne cur, ba yadda za a yi a bar su?" Ya ce, "Ɗana, wata biyu muka yi muna cire abin nan. Ka ce in mayar da shi da hannuna?" An sauke. Mun yi asarar mako uku da kayan aiki, kuma laifin har da nawa, domin ban san abin da ya kamata in duba ba. Tun daga ranar na koyi kallon launin kwaɓi: na farar ƙasa zalla fari ne mai ɗan ja-ja na yashi, in ya yi toka-toka an yi masa haɗi.

Tagogi 26 ne a ginin, kuma niyyata ta farko a cire su duka. Kafintan da Injiniya ta kawo ya yanko mini ɗan guntu daga firam ɗin wata taga, ya ajiye kusa da guntun sabon katako. A tsohon, layukan shekarun itacen sun matsu da juna kamar shafukan littafi, a sabon kuwa tsakaninsu ya kai faɗin yatsa. Itacen da ya girma a hankali ne, ya fi nauyi, ya fi jure ruwa. Ya sa ma'aunin danshi a kowace taga. Katako ba ya fara ruɓewa sai danshinsa ya wuce kashi 20 cikin 100, kuma a yawancinsu gindin ne kawai ya kai haka, inda ruwa ke kwanciya. Sai ya yanke ruɓaɓɓen ya dasa sabon guntu a gurbinsa. Fentin dalma an cire shi a jiƙe, ba goga a bushe, ba ƙonawa da wuta. Uku kacal aka sake gaba ɗaya. Don tare zafi da ƙara, aka sa wa kowacce gilashi na biyu ta ciki, a firam siriri da ake iya kwancewa, daga waje ba ka ganin an taɓa komai. Injiniya ta ce ko dogon benen nan na Empire State a birnin New York, da aka tashi rage masa cin wuta a 2009, ba a zubar da tagoginsa 6,514 ba, a cikin ginin aka kafa wurin aiki aka gyara su aka mayar.

Batun tare zafi ya jawo gardama tsakanina da Injiniya. Na so a manna allunan roba masu tare zafi a duk bangon ciki, domin a takarda su ne ke ba da lamba mafi kyau a ma'aunin tare zafi. Ta ƙi. Ta ce roba za ta yi abin da siminti ya yi, danshi zai taru a bayanta inda ido ba ya gani, kan katakon bene da ke cikin bango ya ruɓe. Muka zuba ƙarfinmu a rufi, inda zafi ya fi shiga da fita: shimfiɗa mai kauri ta zaren katako, wadda danshi ke iya ratsawa. A bangon da rana ta fi duka kaɗai aka sa siririn allo na irin wannan zaren, aka shafe da farar ƙasa. Har yau ina ganin da sabon gini ne da lambarmu ta fi haka kyau. Na yarda da wannan ragin ne da idona a buɗe, kuma kaurin bangon kansa na taimakawa, yana shan zafin rana a hankali ya sake shi da dare.

Akwai ranar da ba zan manta ba, ranar gwajin iska. Aka rufe duk tagogi, aka ɗaura wata babbar fanka a bakin ƙofa tana zuƙe iskar ciki har bambancin matsi ya kai faskal 50, sannan muka bi ɗaki-ɗaki da ɗan abin fitar da hayaƙi. Duk inda iska ke satar shiga sai hayaƙin ya karkata. Ba a tagogin da na zarga muka fi samun ɓaraka ba. A gindin bango ne inda katakon daɓe ya haɗu da bulo, da ramukan tsofaffin bututu, da ƙofar shiga silin. Kwana biyu aka yi ana toshe su da kayan da ba su taka kara sun karya ba. Amma gini in ka toshe shi dole ka ba shi hanyar shaƙa da gangan. Muka buɗe tsofaffin ramukan iska na saman rufi da wani ya toshe, muka sa fankoki, muka rataya ma'aunin iskar kabon a ɗakin taro. A waje iskar kabon na kusan kashi 420 cikin miliyan, in ta ciki ta haura 1000 ma'aunin ya nuna ja, a buɗe taga. Sai bayan duk wannan aka auna girman na'urar sanyaya da ɗumama ɗaki da muke buƙata, kuma ta fito ƙarama sosai a kan wadda na rubuta a takardata.

Wayoyin wuta da na intanet ba mu fasa bango mun binne su ba. Sun bi ta cikin bututun ƙarfe a fili, an ɗaure su a layin kwaɓi, ba a jikin bulo ba. Ɗakunan taro na katako da gilashi ne, a tsaye da ƙafarsu, ana iya kwance su. Injiniya na yawan ambaton ƙa'idoji biyu na gyaran gine-ginen tarihi. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta ce abin da aka ƙara ya dace da tsohon amma a iya bambance shi, kada a yi wa tarihi ƙarya. Ta Burra kuma, da aka amince da ita a Ostareliya a 1979, ta ce a canja iya abin da ya zama dole, kuma kada a wuce nan.

Wuri ɗaya ne muka yanka ginin da gaske, kuma har yanzu ina jin sa a raina. Muna da abokin aiki mai keken guragu, ofishin da ba zai iya hawa samansa ba kuwa ba ofishinmu ba ne. Sa lif ya buƙaci a yanke katakon bene guda huɗu, manya, da aka sassaƙa da hannu, ana ganin sawun gatari a jikinsu. Mun gwada zane uku don kauce musu, babu wanda ya yiwu. Aka ɗauki hotonsu, aka sa musu lamba, aka yanke. Kafinta ya yi mana dogon teburin ɗakin taro da biyu daga ciki, sauran biyun suna ajiye. A ƙofar gefe aka yi gangara, tsawon mita 12 ga kowace mita ɗaya ta hawa.

Sola ta zo a ƙarshe, a gefen rufin da ba a hangowa daga titi, kamar yadda izini ya gindaya. Fitilu duka LED. Kwana biyar aka yi aka gama.

Mun tare bayan wata 19. Da aka zo shafin ƙarshe na farar ƙasa, na roƙi a bar mini wani ɗan yanki na bangon yamma, a bayan matakala, yadda yake, bulo tsirara. Layin fensir na asali ya tafi tare da filastar siminti, amma kafin a sauke ta Baba ya auna tsawonsa ya sake ja a jikin bulon. Duk farkon wata nakan je da ma'aunin danshi in duba, in ja sabon layi inda sanyin ya yanke, in rubuta kwanan wata a gefe. Bayan damina ta farko layin ya ɗan hau, na kira Baba a waya hankalina a tashe. Ya tambaye ni ko na hau na duba indararo. Na sa aka kawo tsani. Ganye ne da sheƙar tsuntsu suka toshe na kusurwa. Muka kwashe, na sa share indararo sau biyu a shekara cikin jadawalin ofis, kusa da ranar duba na'urar kashe gobara. Layin wannan watan yana ƙasa da idon sawuna.